Dutsen Almar da Aka Kife

Tun zamanin da daji ya fi gona yawa a ƙasar Jamus, tun hanya ba ta fi sawun barewa faɗi ba, akwai wani kwari tsakanin tuddai biyu wanda ba mai yarda ya shiga cikinsa. Tudun gabas ana ce masa Tudun Hankaki. Na yamma kuwa Tudun Masu Gawayi, domin a gindinsa masu ƙona itace suke tsayawa, ba su ƙara gaba. A tsakiyar kwarin akwai idon ruwa mai ɗumi, wanda ko a tsananin sanyin ƙasar, lokacin da koguna suke daskarewa har a bi ta kansu da keken shanu, shi tururi yake yi. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, irin wadda manomi ke gani yawunsa ya tsinke. Kowa ya san albarkar kwarin, kowa kuma ya san mai shi.

Mai shi wani farin kyarkeci ne mai girman maraƙi. Mutanen can sun ce sawunsa a kan ƙanƙara ba ya narkewa sai bazara ta yi nisa, kibiya kuma in ta doshe shi sai ta karkace. Ya ci tumaki, ya ci shanu, ya ci masu su. Da basaraken da ke mulkin yankin, wanda ke zaune a gidan dutse can bakin babban kogi, ya gaji da koke-koke, sai ya sa aka yi shela: duk maharbin da ya kawo fatar dabbar nan, kwarin ya zama nasa, da ruwansa da itatuwansa, shi da zuriyarsa.

Maharba da yawa sun ji shelar suka yi kamar ba su ji ba. Biyu ne suka ɗaura ɗamara. Na farko Ruthard, dattijon maharbi wanda ake ce wa mai karanta daji, domin ciyawa ɗaya in ta kwanta ya san abin da ya kwantar da ita. Na biyu Almar, mijin ƙanwarsa Irmela. Ruthard ne ya koya wa Almar riƙon baka, shi ya koya masa shinshinar iska, shi kuma ya ba shi ƙanwarsa ba tare da ya tsawwala masa ba. Almar jarumi ne, wannan ba a ja. Amma zaman aro yake yi a gefen gonar wani, ga 'ya'ya ƙanana, ga mai gonar kullum yana tuna masa cewa alfarma ake yi masa. Ya ƙwallafa rai a kan kwarin nan har ba ya jin daɗin abinci.

To, maharban ƙasar suna da wata doka da ta girmi kakanninsu. Duk wanda ya haƙa ramin haƙo ya rufe shi da ganye, wajibi ne ya sari ɗanyen reshe, ya feƙe ɓawonsa har ya yi fari, ya naɗe shi kamar gammo, ya rataye a itacen da ke kusa daidai tsayin idon mutum. Dabba ba ta san ma'anarsa ba, amma ɗan Adam in ya gani ya san mutuwa na gabansa. Wanda ya yi haƙo bai rataye gammon ba har mutum ya faɗa, hukuncinsa a karya bakansa a gaban jama'a, a kore shi daga yankin, shi da matarsa da 'ya'yansa. Dokar tana da ɗaya gefen kuma: duk abin da ya mutu a cikin rami, na mai ramin ne.

Almar ya yi ta bin sawu har ya gano hanyar da kyarkecin ke bi in zai sauko shan ruwa, wani ɗan lungu tsakanin duwatsu a gindin Tudun Hankaki. Ya haƙa rami mai zurfi, ya kafa tsinannun itatuwa a ƙasansa, ya rufe shi har shi kansa sai ya duba da kyau. Ya naɗe gammonsa ya rataye, kamar yadda aka koya masa. Ya ɗauki jakarsa ya fara tafiya.

A nan ne zuciya ta yi masa raɗa, ita kuwa ba ta da ƙashi. Ta ce masa, “Yayan matarka in ya ga gammon nan, ai ya gane nan ce hanyar dabbar. Zai haura gaba kaɗan ya laɓe da mashinsa, ya tare ta tun ba ta iso raminka ba. Kai ka yi haƙa, wani ya ci kwari?” Almar ya tsaya. Ya ce wa kansa ai Ruthard can wajen Tudun Masu Gawayi yake nema, me zai kawo shi nan? Ya ce ai kwana ɗaya ne, gobe ya mayar. Ya koma, ya sauke gammon, ya cusa shi cikin rigarsa. Kaico!

Kashegari da hantsi ya dawo, tun daga nesa ya ga rufin ramin ya burma. Ya ruga da gudu yana murna. Da ya leƙa, ga farin kyarkeci kwance a mace, wuƙa ta nutse a maƙogwaronsa har ƙota. A ƙarƙashinsa kuma ga mutum. Ruthard ne, wanda shi ma sawu ya jawo shi lungun nan da sassafe, ya taka ganye ya rufta. Tsinin itace ya huda masa cinya, ƙashin ƙafar ya karye. Kyarkecin ya ji ƙanshin jini ya diro masa, shi kuwa dattijo yana soke a ƙasa ya rungume shi ya yanka.

Almar ya sauka ya janye gawar dabbar, ya zare surukinsa daga tsinin, ya ɗaure cinyar da igiyar bakansa. Ruthard ya buɗe ido ya dubi itacen da ke bakin ramin, ya daɗe yana dubansa.

“Almar, ina gammon?”

“Na rataye shi, Yaya. Wataƙila iska ce.”

Ruthard ya sauke idonsa a kan ƙirjin Almar, inda riga ta ɗan yi tudu, da farin bakin reshe yana leƙowa. Almar ya gane dattijon ya gani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige, amma ƙasa ba ta yi wa kowa irin wannan alfarma.

Aka kai su gidan dutse, ɗaya a kan makara ta itace, ɗaya ɗauke da fata. Wakilin basarake ya tambaya a gaban maharba duka, “Ramin wane ne?” Almar ya ce nasa ne. Wakili ya juya wajen na kwance ya ce, “Kai Ruthard, ba a rataye alama ba ne?”

Irmela na tsaye a baya da goyo, sauran yaran sun riƙe zanenta. Ruthard ya dube su, sannan ya ce, “An rataye. Ni ne ban gani ba. Tsufa ya fara cin idona.”

Maharban suka dubi juna, wani ya yi tsaki. Mai karanta daji bai ga farin gammo a gaban hancinsa ba! A wajensu gara a ce maharbi matsoraci ne da a ce ba ya ganin alama. Aka damƙa wa Almar kwarin, aka ɗaga shi sama, a ranar aka fara yi masa kirarin da ya bi shi har tsufa:

“Almar sa-daji-shiru! Mai rami ɗaya da ya buɗe kwari! Ɗan ƙanƙara ba ka jin sanyi, na Irmela maganin farin kyarkeci!”

Kowace gaɓa ta kirarin nan kamar mari take sauka a fuskarsa. Mutane suka ga yana sunkuyar da kai, suka ce kai, jarumin nan akwai kawaici.

Aka sare daji, aka fitar da gonaki. Almar ya kafa gidansa sama da idon ruwa, iyalai suka biyo shi daga ƙauyukan bakin kogi, masu gawayi suka sauko daga tudunsu. Aka gina gidan gashin burodi na gari duka, aka haƙa magudana ta kwashe ruwan fadamar kudu, aka dasa wata itaciya mai faɗin inuwa da suke kira linde a tsakiyar fili, domin a ƙarƙashinta mutanen ƙasar suke zaman shari'a. Kuma gaskiya ɗaya ce, Almar ya riƙe mutane da adalci. Ba ya cin rabon kowa, shi ne farkon fita aikin gayya, shi ne na ƙarshen komawa. Amma tun daga ranar nan bai sake haƙa rami ba, bai kuma iya haɗa ido da yayan matarsa ba.

Gammon kuwa ya rasa yadda zai yi da shi. Ya jefa shi a murhu, wuta ta ƙi ci. Ya binne shi a bayan gida, da bazara ta zo sai ga shi ya tsiro, reshen da ba shi da ɓawo ba shi da saiwa. Ya sare tsiron, ya sake fitowa. Kuma ba ya miƙewa kamar sauran itatuwa, lanƙwashewa yake yi yana komawa kansa, zagaye sak. Mutanen gari suka ce albarkar maigari ce, har mata masu ciki suna zuwa shafawa. Irmela dai 'yar maharba ce, ta tashi tana naɗa wa ubanta irin wannan gammo. Wata rana tana shanya ta tsaya ta ƙura wa itacen ido, sannan ta juyo ta ƙura wa mijinta. Ba ta tambaye shi ba. Daga ranar, in ta gama abinci, kwanon farko gidan yayanta take kaiwa da kanta, Almar ya ci na biyu. Bai taɓa cewa don me ba.

Ruthard ya warke amma ƙafar ta shanye. Ya yi 'yar bukka kusa da idon ruwa, yana saƙa kwanduna. Almar ya aika masa da nama, ya karɓa. Ya aika a gina masa gida mai kyau, ya ce bukkarsa ta ishe shi. Sunansa na da ya ɓace, yanzu Makahon Rami ake ce masa. In yaro ya yi tuntuɓe sai uwarsa ta ce, “Kai kuma idon Ruthard gare ka?” Ana faɗin haka a gaban Almar, a yi dariya, a jira shi ma ya dara. Wani lokaci har yakan yi murmushin dole, ya koma gida ya kasa cin abinci. Sau da yawa ya kama hanyar bukkar da niyyar magana, sai ya tarar da kansa yana tambayar kuɗin kwando.

Shekaru suka tura, garin ya kai a ba shi suna a wajen basarake. Dattawa suka haɗu suka ce ai ba a tambaya, sunan Almar zai ci. Suka sa magini ya fasa wani faffaɗan jan dutse daga Tudun Hankaki, ya sassaƙa sunan Almar a kai, da hoton kyarkeci a ƙarƙashin ƙafarsa. Aka sa ranar da za a kafa shi a gindin linde, bayan an gama girbi.

Da safiyar ranar Almar ya fito cikin sabuwar riga, ya biyo ta wajen idon ruwa. An kwana ana yayyafi, gangaren da ake sauka a ɗebi ruwa ya zama laka mai santsi. Ya hango Ruthard yana saukowa da tulu a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Sandar ta zame, tsohon ya tafi da baya ya faɗi warwas cikin taɓo, tulun ya fashe. Matasan da ke wanke dawakin baƙi suka fashe da dariya, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, “Baba, a nan ma ba ka ga gammon ba?” Wanda ya faɗi haka babban ɗan Almar ne, wanda ya riƙe zanen uwarsa a gidan dutse ranar da kawun nasa ya sadaukar da sunansa don ya sama masa wurin zama.

Almar ya sauka cikin lakar da sabuwar rigarsa ya kama tsohon. Ruthard ya fizge hannunsa.

“Bar ni. Je ka, suna jiranka.”

“Yaya, yau zan faɗa.”

“Ba ka da hankali. Ka san doka.”

“Na sani, Yaya.”

Jama'a sun cika gindin linde, ga wakilin basarake, ga limamin coci, ga dutse an jingine an lulluɓe da ƙyalle. Maroƙin gari ya hango Almar ya fara, “Almar sa-daji-shiru!” Almar ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Laka har ƙirjinsa.

Ya ce, “Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ramin nawa ne, amma ba gammo a kansa. Na rataye, na koma na sauke da hannuna, don kada yayan matata ya riga ni. Ya ga gammon a cikin rigata tun yana cikin ramin. Kyarkecin kuma shi ya yanka shi, yana soke a kan tsinina. Idonsa lafiya lau yake, har gobe ya fi na kowa a nan. Itacen da kuke shafawa a bayan gidana, shi ne abin da na binne.”

Ya kwance bakansa ya ajiye a gaban wakili, ya durƙusa.

Kunyar da ta sauka a filin nan ba ta Almar kaɗai ba ce. Matan da suka yi wa 'ya'yansu gori da idon Ruthard suka rufe fuska da gyale. Tsofaffin maharban da suka yi tsaki a gidan dutse suka kama kallon ƙasa. Ɗan Almar ya zame daga cikin taron ya jingina da bangon gidan burodi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Wakili ya ce doka a fili take, amma wanda aka cuta yana raye, maganar tana bakinsa. Aka je aka tallafo Ruthard, jikinsa duk taɓo.

Kada wani ya zaci rungumar Almar ya yi. Tsohon ransa a ɓace yake.

Ya ce, “Yanzu ka ga dama? Ƙafa ta tafi, suna ya tafi, ƙarfi ya tafi, sai yau da ka gaji da ɗaukar kayanka za ka sauke mini a ka, in zama ni ne mai korar 'ya'yan ƙanwata? Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Don Irmela da yaranta na haɗiye, ba don kai ba. Ban kai ƙara ba a lokacin, yanzu ma ba zan kai ba. Ku ɗauke bakan nan daga gabana, ni ruwa na fito ɗiba.”

Ya juya da sandarsa ya nufi gangare. Ba wanda ya iya motsi. Almar ne ya tashi, ya yaye ƙyallen da ke kan dutsen, ya sa kafaɗa. Dutsen da ƙarti da yawa suka yi nishi kafin su kawo shi fili, an ce shi kaɗai ya ja shi har bakin ruwa, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Da wasu suka matso za su kama masa, Irmela ta ce, “Ku ƙyale shi.” Ya kai shi daidai inda lakar ta fi santsi, ya kife shi, sunan da hoton suka shige cikin taɓo, bayan dutsen ya zama matakala. Ya ja gefe ya tsaya, kansa a ƙasa.

Ruthard ya iso. Ya dubi dutsen, ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ji bai motsa ba. Ya ɗora ƙafarsa mai lafiya, ya jawo shanyayyar, ya sunkuya ya sha da tafin hannu. Ya haura ya wuce bukkarsa bai waiwayo ba. Masu riƙe da tarihin garin sun haɗu a kan cewa har ya mutu ba a ji ya ce ya yafe ba. Sun kuma haɗu a kan cewa kullum ta kan dutsen yake bi.

Almar ya sauka daga shugabancin gari a ranar. Ya ƙare rayuwarsa yana share magudanar fadama da gyaran hanyar ruwa, in wani baƙo ya ɗauko tsohon kirarinsa sai ya bar wurin. Wakili ya koma gidan dutse da sunan da jama'a suka ba garin baki ɗaya, Ruthardsborn, wato idon ruwan Ruthard.

Garin na nan har yau, ɗan ƙarami, da gidajensa masu ginshiƙan katako a jikin farin bango, da cocinsa mai baƙin rufi. Linde ta tsufa har an tokare rassanta da ƙarafa. Idon ruwan yana tururinsa, an zagaye shi da gini, amma jan dutsen ba a taɓa shi ba, tsakiyarsa ya lotsa saboda sawu. An ce wasu masana sun taɓa zuwa daga birni suka nemi a juya shi su karanta rubutun, mutanen gari suka ce mai shi ne ya kife shi, ba su da hurumin buɗewa. Duk wanda aka zaɓa shugaban gari kuwa, kafin ya zauna a kujera, sai ya sauka gangaren nan ba hula, ya ɗebo ruwa ya kai wa wanda ya fi kowa rauni a garin, ba kiɗa ba tafi. In baƙo ya tambayi inda sunan wanda ya kafa garin yake, sai a ce masa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa.